Rantsuwar Mai Gyaran Keken Ɗinki

Yayana mai gyaran keken ɗinki ne, kuma a duk kekunan da ya kwance cikin shekara talatin da wani abu, babu wanda ya kai shi gardama. Ni ƙanwarsa ce ciki ɗaya, saboda haka ina da ikon faɗa. Amma wani ya kuskura ya faɗa a gabana, sai an raba mu.

Shagonsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, a layin teloli. Mutum biyu ba sa juyawa a ciki. Teburi ɗaya ne, mai ya jiƙa shi har katakon ya koma baƙi, sai gwangwanayen madara jere a kan kanta: wannan na kusoshi, wannan na allurai, wancan na wasu ƙananan ƙarafa da shi kaɗai ya san amfaninsu. Ba ya taɓa keke sai ya saurare shi. Tela zai zo ya ja shi shagonsa yana kumfar baki, zare na tsinkewa, ɗinki na tsallake, gobe masu kaya za su zo. Yaya zai ce, "Taka mu ji." A taka. Ya karkata kai, ya lumshe ido, sannan ya ce, "Ba ciwo gare shi ba, ƙishirwa ce. Yaushe rabonka da ba shi mai?" Ya ɗiga mai, ya ɗan matse kusa ɗaya, ya ƙi karɓar ko sisi, wai ai bai yi aiki ba. Wannan halin ne ya sa har yau yana gidan haya, kuma na gaji da faɗa.

Mu uku iyayenmu suka haifa: shi, ni, sai Auta. Auta direban motar kaya ne, mai surutu, mai dariya har da buga cinya. Ya rasu a hatsarin hanya ya bar 'ya ɗaya mai shekara biyu. Da masu gaisuwa suka watse, Yaya bai yi shawara da kowa ba, ya saɓa yarinyar a kafaɗa ya tafi da ita gidansa. Uwarta ta yi wani aure daga baya a gari mai nisa, suna waya, ba wanda ya yi rigima da wani. Yarinyar ta tashi a tsakiyar 'ya'yan Yaya, siririya, idonta ƙyar a kan komai, bakinta da kaifi, shi ya sa ya laƙaba mata Allura, sunan kuma ya bi ta har makaranta.

Daga ranar nan Yaya bai sake kiran sunan Auta ba. Hotonsa ma ya sauke daga bango ya sa a ƙasan akwati. Akwai kuma kalma ɗaya da ya haramta a gidansa. Wata maƙwabciya mai ɗinki ta taɓa shafa kan yarinyar ta ce, "Allah sarki, marainiya." Yaya yana alwala, ya ajiye buta ya ce, "Wa ya mutu? Ga ni a tsaye." Shekara biyar bai taɓa keken matar nan ba. Mutumin da ke gyara wa maƙiyinsa kyauta!

Ba wai yarinyar ba ta sani ba. Uwarta ta gaya mata, ni ma na gaya mata, don ni magana ba ta kwana a cikina. Ta sani, ta kuma ci gaba da kiransa Baba kamar sauran, aka bar zancen a nan.

Ranar da za a sa ta firamare tare muka je. Malamin da ke rubuta sunaye ya ce, "Sunan uba?" Yaya ya ba da nasa, ko ƙifta ido bai yi ba. Ni a ɗakin kati na asibiti nake aiki, shekara ashirin da biyu ina ganin yadda harafi ɗaya ke mayar da mutum gida da ciwonsa. Muna fitowa na ce, "Yaya, wannan abin zai dawo mana." Ya ce, "Ke dai da takardunki." Na yi shiru, kuma wannan shirun nawa ne, ba na ɗora wa kowa.

Allura ta yi karatu kamar ana binta da bulala. A ajin ƙarshe na sakandare ta ci jarrabawarta tas, jami'a ta ba ta gurbin karatun haɗa magunguna. Muka yi murna kwana biyu, a na uku muka ga kuɗin makaranta, kowa ya nemi wuri ya zauna.

Makarantarsu tana da wata malama mai ba ɗalibai shawara, 'yar ƙarama da ita, mai gilashi, amma ta san aikinta. Ta tara 'yan ajin ƙarshe da iyayensu a ɗakin taro a kan wata gidauniya da ke ɗaukar nauyin karatun yara masu ƙoƙari. Yaya na wurin aiki, matarsa na fama da ƙafa, ni na je. Malama ta rubuta a allo abin da ake so: a cike fom a intanet, a haɗa da sakamakon jarrabawa, takardar samun gurbi, takardar haihuwa, wasiƙar shugaban makaranta, hoto, bayanin sana'ar mai ɗaukar nauyin yaro, da shafi ɗaya da yaron zai rubuta da kansa a kan dalilin da ya sa ya cancanta. Za a rufe ranar Alhamis ta ƙarshen wata, ƙarfe huɗu na yamma. Ta maimaita sau uku cewa kada a jira ranar ƙarshe, ta kuma ce duk wanda takardunsa suka saɓa wa juna, ko karantawa ba za a yi ba.

Bayan taro ta kira mu ofishinta. Ta ajiye takardar haihuwar Allura a dama, sakamakon jarrabawa a hagu, ta sa yatsa a kan kowacce.

"Gwaggo, nan uba ɗaya, nan wani uban. Wanne ne?"

Na gaya mata. Ta ce abin yana da gyara, har ma zai taimaka, don gidauniyar ta ware kaso na musamman ga yaran da suka rasa mahaifi. Abu biyu ake bukata. Na farko takardar shaidar rasuwa, wannan kuwa tana cikin akwatina shekara goma sha shida, a leda, ko lanƙwasa ba ta yi ba. Na biyu takardar rantsuwa daga kotu: mutumin da sunansa ke kan takardun makaranta ya je da kansa ya rantse cewa ba shi ya haife ta ba, riƙonta ya yi.

Na kalli Allura, ta kalli ƙasa.

Washegari da la'asar na same shi a shago, ya kwance cikin wani keke ya baza a kan jarida. Na zauna a kan benci na yi masa bayani dalla-dalla, da muryar da nake yi wa tsofaffi a asibiti. Bai ɗago ba.

"In tsaya gaban hukuma in ɗaga hannu in ce ba 'yata ba ce?"

"Ba wanda ya ce ka ce haka. Layi huɗu ne, ka karanta ka sa hannu."

"Su riƙe kuɗinsu. Ni zan biya."

"Da me? Da gwangwanayen madara?"

"Allah ne mai bayarwa."

"To ga shi ya bayar, ka tsaya a ƙofa ka tare. Yaya, yarinyar nan ta fi mu duka ƙwaƙwalwa. Ni a sakandare na tsaya, kai ko nan ba ka kai ba, sai kuma mu haɗu mu zaunar da ita?"

Ya ɗauki wani ɗan ƙarfe ya hura, ya goge da tsumma. "Kin gama?"

Ban gama ba, matsalata ke nan. Na ce, "Yarinyar nan tana da uba, kuma ƙanenmu ne. Ƙasa ta rufe shi sau ɗaya, kai ka sake rufe shi a akwati. Ko sunansa ba ka bari a kira. Wannan ba so ba ne, son kai ne."

Ya ajiye sukundireba a hankali. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Tashi ki fita min daga shago." Tun muna yara bai taɓa kora ta daga ko'ina ba. Na tashi na fita, ina tafe ina faɗa ni kaɗai har telolin layin suna leƙe.

Kwana goma ba mu yi magana ba. Sauran takardu duk mun haɗa. Allura ta rubuta shafinta, malama ta sa ta sake shi sau biyu, wai ta daina roƙo ta faɗi abin da za ta yi da karatun. Hoto ya fito, wasiƙar shugaban makaranta ta fito. Fayil ɗin na nan a kan firijina, saura takarda ɗaya.

Na je gidan da hantsi lokacin da na san ba ya nan. Matarsa tana kicin, ta miƙe ƙafar mai ciwo a kan kujera tana yankan albasa.

"Sannu da zuwa, uwar masu gida," ta ce. "Kin zo ki ƙarasa shi ne, ko kin bar mini saura?"

"Ke ma ai da laifinki. Shekara nawa kina kallonsa?"

"Ni aurensa na yi, ban yi alkawarin gyara shi ba. Ku da aka haife ku da taurin kan ku san yadda za ku yi." Ta share ido da bayan hannu, ta ce albasa ce. "Abinci ma sai ya jujjuya cokali ya tashi. Kin san me kika taɓo kuwa?"

Kafin in ba ta amsa Allura ta shigo da bokitin wanki. Na ce saura kwana huɗu. Ta ce, "Gwaggo, ki bar shi kawai. Na samu aiki a kantin magani na bakin titi, ranar Litinin zan fara. Ai duk magani ne."

"Duk magani ne? Mai haɗa shi da mai miƙa shi a leda ɗaya suke? Don gidanku, ni za ki raina wa hankali?"

"Baɗi zan sake nema."

"Baɗi takardun za su canja da kansu?"

Ta ajiye bokitin. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ba zan sa shi ya tsaya ya faɗi wannan maganar saboda ni ba. Ko a jami'ar nake ba zan iya karatun ba." Jinin gidan ne, har ita.

Mai kantin maganin ne ya yi mana aikin da muka kasa, ba tare da ya sani ba. Ranar Laraba da safe ya kai keken matarsa gyara, yana ta washe baki, ya ce wa Yaya ya gode da ya ba shi yarinya mai hankali, ya ji ma ta fasa jami'a, ai gara haka, karatun nan tsada.

Ni ban san an yi haka ba. Ina bakin tagar ɗakin kati, layi har waje, kaina a sunkuye. Na ce, "Lambar kati?" Na sake cewa, "Malam, lambar kati, akwai mutane a bayanka." Na ɗago. Yaya ne, da rigar aikinsa duk mai. Wai layi ya bi. Minti arba'in yana tsaye tsakanin masu tari da masu ciki, don kada a ce ya yi wa wani tsallake.

"Ina takardar?"

"Wacce?"

"Kin fi ni sani. Yarinyar nan kantin magani za ta tsaya, ina raye? Kuma ke kin sani kika yi shiru? Ke da ba kya shiru?"

Na bar wa abokiyar aikina tagar, na ɗau mayafina.

Mu uku muka je kotun. Ofishin rantsuwa yana can ƙarshen baranda, ɗaki mai fanka ɗaya da benci biyu, fayil-fayil a ɗaure da igiya har rufi. Wata mai buga takardu ta tambayi sunaye ba tare da ta kalle mu ba, ta cike guraben wata takarda da ta riga ta buga wa mutum dubu. Ni wannan ne ke ƙona mini rai. Wanda ya tsara fom ɗin nan ya yi gurbin uba mai rai, ya yi gurbin uba da ya rasu, amma mutumin da ya yi jinyar ƙyanda, ya sayi takalmin makaranta goma sha biyu, ya tsaya a bakin ƙofa ranar jarrabawa har aka tashi, shi gurbinsa kalma ɗaya ce a can ƙasa, mariƙi, kusa da lambar waya.

Aka shigar da mu wurin jami'in, wani mai furfura da agogo babba. Ya ce Yaya ya ɗaga hannu ya maimaita abin da zai faɗa. Suna, sana'a, unguwa, duk ya bi. Sai jami'in ya ce, "Cewa ba ni ne mahaifinta ba."

Nan Yaya ya cije. Hannun na sama, mai a ƙarƙashin farce. Jami'in ya maimaita. Ya kalli agogo ya ce, "Malam, akwai mutane a waje." Na cika na batse, saura kaɗan in gaya masa inda zai kai agogon, sai Allura ta matsa ta kama hannun rigar Yaya.

"Baba, faɗi mu tafi, yunwa nake ji."

Ya juyo ya kalle ta, har ya ɗan yi dariya ta hanci. Ya ce, "Ke ba kya ƙoshi." Sannan ya faɗa, a sarari, kamar yana karanta lambar keke. Na sauke ajiyar zuciya, na ce an wuce wurin.

Ashe ba a zo wurin ba. Jami'in ya ci gaba: "Cewa mahaifinta ƙanena ne," ya karanto cikakken sunan Auta, "wanda ya rasu ranar kaza." Yaya ya kamo sunan, ya faɗi rabinsa, muryar ta karye. Ya sake kamawa. Mutumin nan da bai yi hawaye a gaban kowa ba ranar da aka kawo gawar, shi ne ya tsaya a ofishin gwamnati, hannu a sama, yana kuka kamar yaro, yana cewa, "Ni na koya masa tuƙin keke. Ni na ce ya nemi aikin motar nan." Jami'in ya cire gilashi ya ajiye biro. Bai sake kallon agogo ba, wannan na ba shi. Ya jira har Yaya ya ƙarasa layin, kalma bayan kalma, ya sa hannu, aka buga hatimi.

Ni da na ce masa son kai. Shekara goma sha shida ina zaton kishin yarinyar yake, ashe mutuwar ce bai yarda ya faɗa da bakinsa ba. A kan matakalar kotun na ce, "Yaya, ka yafe mini." Ya fyace hanci ya ce, "Ke dai bakinki ya fi ƙarfin gyarana."

Ranar Alhamis tun ƙarfe tara muna shagon intanet, mu da rabin iyayen garin, duk waɗanda malama ta ce kada su jira ranar ƙarshe. Shafin ya ƙi buɗewa, ya buɗe ya ce hoton ya yi nauyi, aka rage, wuta ta ɗauke. Sai ƙarfe biyu da rabi ya karɓa. Na sa aka buga mini shaidar karɓar har kwafi uku.

Bayan wata ɗaya aka kira ta ganawa, bayan wani watan saƙo ya shigo wayarta. Sun ɗauki kuɗin makaranta da na ɗakin kwana, sauran namu ne, kuma duk shekara sai sun ga sakamako kafin su sabunta. Ba duka ba ne, amma ya isa ta tafi, ta kuma tafi. Yanzu tana shekara ta biyu.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne abin da ya biyo baya. Tun daga ranar kotun nan bakin Yaya ya buɗe, ya kuma ƙi rufuwa. Duk hutun da Allura ta zo, zai zaunar da ita a bencin shago yana aiki yana ba ta labarin ubanta. Da farko na gaskiya yake bayarwa. Yanzu abin ya wuce nan. Auta ya tuƙa mota kwana uku ba barci. Auta ya ɗaga buhu biyu da hannu ɗaya. Rannan na iske shi yana gaya mata yadda Auta, yana ɗan shekara takwas, ya tsallaka katangar maƙwabta ya kori wani karen da ya addabi layinmu, da muciya.

Na ce, "Yaya, ji tsoron Allah. Ni ce na kori karen nan. Auta yana bayanka yana ihu, kai kuma kana kan bishiya."

Ya ce, "Ke a lokacin ma an haife ki?"

"Na girme shi da shekara huɗu!"

Allura tana dariya har da riƙe ciki. Ya nuna ni da filaya ya ce mata, "Kada ki saurare ta, gwaggon nan taki tun tana yarinya take ƙwace wa ubanki abu." Ya ci gaba da labarinsa, ni kuma na zauna ina gyara masa, don in na tafi ban san me kuma zai ba Auta ba.